Babi na Shida: Ruwan da Ke Ratsa Tsibiran Indonesiya

Ido yana ganin fuskar teku a baje take, amma tana da tudu da gangare. Ruwan da ke yammacin Tekun Pasifik, kudu da Filifin, ya ɗara na gabashin Tekun Indiya bisa da kusan santimita 16, abin da bai kai taƙin babban mutum ba. Klaus Wyrtki, Bajamushen masanin teku da ya yi aiki a Jakarta a shekarun 1950 kafin daga baya ya zauna a Hawaii, shi ya fitar da wannan lissafi a 1987, ya kuma bi hawa da saukar tudun da ma'aunan tashoshin jiragen ruwa na Davao a Filifin da Darwin a Ostareliya. Iska ce ke tara shi. Tana kaɗawa daga gabas zuwa yamma a faɗin Pasifik, dare da rana, tana koro ruwan sama mai ɗumi har ya zo ya cunkushe a jikin Filifin da New Guinea. Shi kuwa ruwa ba ya ganin gangare ya ƙyale.

Tsakaninsa da Tekun Indiya akwai Indonesiya, tsibirai sama da 17,000 da suka warwatsu daga Sumatra zuwa New Guinea, kuma ta tsakankaninsu yake kurɗawa. Abin da ke wucewa ya kai kubik mita miliyan 15 a kowace daƙiƙa. Masana teku sun gaji da jera sifili, sai suka sa wa kubik mita miliyan ɗaya a daƙiƙa sunan Sverdrup, don tunawa da Harald Sverdrup ɗan ƙasar Norway. A ma'auninsu ke nan, Sverdrup 15. Kogunan duniya kaf, har da Amazon da Kongo da Kwara, in aka haɗa abin da suke zubawa teku, da kaɗan ya wuce Sverdrup ɗaya. Kuma a duk yankin zafi na duniya babu inda manyan tekuna biyu suke buɗe wa juna sai nan. Ƙofar da ke tsakanin Pasifik da Atlantika ta toshe tun da ƙasar Panama ta taso, kimanin shekaru miliyan 3 da suka wuce. Sauran hanyoyin duk suna nesa da yankin zafi, ko can kudu, ko arewa a ɗan mashigin Bering.

Yawan ruwan shi ke saurin kama kunne. Abin da ya fi shi ɗaukar hankali, a ganina, shi ne ruwan da ya shiga ta arewa yana fita ta kudu ne da wata kama dabam. Kafin a gane wannan, sai an ga yadda ruwan teku yake hawa-hawa.

A jirgin bincike, irin jiragen Baruna Jaya na gwamnatin Indonesiya, aikin yana farawa ne da tsayar da jirgi cak a kan wurin da ake so. Sai a ɗaga wani keji na ƙarfe mai tsayin mutum, kewaye da dogayen kwalaben roba 12 ko 24, kowace a buɗe sama da ƙasa, a sake shi cikin ruwa da igiyar ƙarfe. A gindin kejin akwai na'urar da ke auna abubuwa uku: zafin ruwa, da nauyin ruwan da ke kanta wanda shi ke nuna zurfi, da yadda ruwan ke ba wutar lantarki hanya, wanda daga shi ake fitar da yawan gishiri. Kejin yana nutsewa kusan mita ɗaya a daƙiƙa, a ɗaki kuma mai lura yana kallon layuka suna zana kansu a fuskar kwamfuta. In an kai zurfin da ake nema sai a fara jawowa, ana tsayawa nan da can, mai lura ya danna maɓalli, kwalba ɗaya ta rufe da ruwan wannan zurfi a cikinta. Idan kejin ya dawo kan jirgi cikin zafin rana, kwalaben da suka rufe a can ƙasa sanyi ƙalau suke, har raɓa na tsattsafowa a jikinsu.

A bakin mashigin Makassar ta arewa, tsakanin Borneo da Sulawesi, ga abin da layukan ke nunawa. Mita hamsin na farko ruwan ɗumi ne, digiri 28 zuwa 30, gishirinsa sau da yawa bai kai giram 34 a kilo ba, domin ruwan sama da koguna irin su Mahakam sun tsarma shi. Daga nan zafi ya fara faɗuwa da sauri. Wajen mita 100 zuwa 150 layin gishiri ya yi ƙusumbi, ya kai kusan 34.8. Wajen mita 300 ya lotsa zuwa kusan 34.4. Ƙasa da nan ya riƙa ƙaruwa a hankali, zafi kuwa yana ta raguwa, har a mita 1,000 bai wuce digiri 5 ba.

Tsakanin 34.8 da 34.4 babu ko rabin giram, harshe ba zai taɓa jin bambancin ba. Amma waɗannan ruwaye biyu ba garinsu ɗaya ba. Mai gishirin ya samo asali ne a saman teku can tsakiyar arewacin Pasifik, wajen daidai da Hawaii, inda rana da iska suke ƙafar da ruwa fiye da abin da hadari ke mayarwa. Gishiri ya yi masa yawa, ya ƙara nauyi, ya zame ƙarƙashin ruwan da bai kai shi nauyi ba, ya nufo yamma. Da ya ci karo da Filifin sai ya rabu biyu: wani ya bi kwararar Kuroshio zuwa Japan, wani ya bi ta gefen Mindanao zuwa kudu. Shi kuwa na ƙasansa, mai ƙarancin gishiri, daga nesa ya fito, daga Tekun Okhotsk na Rasha da ruwayen gabashin Japan, inda sanyi ne ya ba shi nauyi, ba gishiri ba.

Sirrin abin ɗaya ne. Ruwa yana samun zafinsa da gishirinsa ne a saman teku, inda rana da iska da ruwan sama suke taɓa shi. Da zarar ya nutse, babu mai ƙara masa babu mai rage masa, sai in ya cuɗanya da wani. Saboda haka yakan yi tafiyar dubban kilomita da shaidarsa a jikinsa. Wani ɗan Norway, Bjørn Helland-Hansen, ya nuna a 1916 cewa in aka zana zafi a gefe guda, gishiri a ɗaya gefen, kowane rukunin ruwa yana da wurin da yake faɗawa a takardar. Yadda a da ake duban tsagar fuska a ce wannan Bagobiri ne, wancan Babarbare, haka masanin teku yake duban ƙusumbi da lotsawar layin ya faɗi asalin ruwa.

To, ba kowane baƙo ne ke samun shiga ba. Ƙasan tekunan Indonesiya kwaruruka ne masu zurfi, tsakanin kowanne da na gaba akwai tudu, kuma wannan tudu shi ne dokin ƙofa: ruwan da ke ƙasa da shi ba ya ƙetarewa. Babbar hanya ita ce Makassar, wadda ke ɗaukar kusan kashi huɗu cikin biyar na dukan ruwan. A tsakiyarta akwai maƙurar Labani, faɗinta kilomita 45 ne kacal, zurfinta kusan mita 2,000. Sai dai a kudancinta tudun Dewakang ya tare hanya a zurfin mita 680. Don haka abin da Makassar ke wucewa da shi ruwan sama ne da na tsakiya, kuma kusan dukansa ɗan arewacin Pasifik ne.

Ruwan kudancin Pasifik, wanda ya fi gishiri nesa ba kusa ba, yana zuwa har bakin ƙofa ta gefen New Guinea, amma akasarinsa juyawa yake a wata babbar mahaukaciyar da'ira kusa da tsibirin Halmahera ya koma gabas. Kaɗan ne ke silalewa ta tekunan Halmahera da Maluku. Ruwan can ƙasa kuwa ƙofarsa ɗaya: mashigin Lifamatola, inda dokin ƙofar yake a zurfin kusan mita 2,000. Nan ruwan sanyi mai nauyi yake haurawa ya gangara ɗaya gefen, yana gudun fiye da rabin mita a daƙiƙa a cikin duhun da rana ba ta taɓa kaiwa ba, ya cika kwarin Seram, daga nan ya wuce Tekun Banda wanda ramin Weber da ke cikinsa ya zarce mita 7,000. 'Yan Holan ne suka fara gano wannan hanya. Jirginsu Willebrord Snellius ya yi 1929 zuwa 1930 yana zagaya waɗannan tekuna, kuma jagoran tafiyar, P. M. van Riel, ya bi sawun ruwan ƙasa daga kwari zuwa kwari da zafinsa da iskar oksijin da ta rage a cikinsa. Da kwalabe da ma'aunin zafi na gilashi suka yi aikin, amma abin da suka zana ya tsaya har yau.

Hanyoyin fita uku ne. Lombok, tsakanin Bali da tsibirin Lombok, tana fitar da kusan Sverdrup biyu da rabi. Ombai, arewa da Timor, kusan biyar. Mashigin Timor, tsakanin Timor da Ostareliya, kusan bakwai da rabi.

Yanzu a sake sakin kejin nan a Tekun Banda, ko a bakin Ombai. Zafi yana faɗuwa yadda ya saba. Layin gishiri kuwa ya miƙe sambal: babu ƙusumbi, babu lotsawa, kusan 34.6 tun daga inda sanyi ya fara har zuwa wajen mita 1,000. Shaidar da ruwa ya riƙe tun daga Hawaii da Okhotsk, tafiyar shekaru, ta goge a cikin waɗannan tekuna.

Mai gogewar shi ne cikowa da janyewar teku. Sau biyu a rana, ko sau ɗaya a wasu wuraren, jan wata da rana yana tura ruwa ya shiga waɗannan matsattsun ƙofofi ya kuma dawo. A buɗaɗɗen teku wannan kai-komo ba ya tayar da ƙura. Amma in ruwa mai hawa-hawa ya haura tudu da ƙarfi, sai iyakokin da ke tsakanin hawan su yi ta tashi da faɗuwa, su zama raƙuman ruwa na cikin teku. Da yake bambancin nauyi tsakanin hawa da hawa ɗan kaɗan ne, ba kamar tsakanin ruwa da iska ba, waɗannan raƙuma suna girma yadda na sama ba za su iya ba. A Lombok, inda dokin ƙofa bai wuce zurfin mita 300 ba tsakanin Nusa Penida da Lombok, tsayinsu yakan kai mita 100. Mai kwalekwale a sama abin da zai gani kawai shi ne wani dogon layi na ruwa mai tsuma, bayansa wani mai santsi kamar an zuba mai. Tauraron ɗan adam kuwa yana ganinsu sarai, baka bayan baka, suna fita daga bakin mashigin zuwa arewa da kudu. Inda suka fashe a jikin gangaren ƙasan teku, nan suke dama ruwan sama da na ƙasa.

Masu ninƙaya a Nusa Penida sun san abin a jikinsu: mutum yana cikin ruwan ɗumi, kwatsam sanyi ya taso masa daga ƙasa har haƙora su kama kaɗawa. Wannan sanyi ne ake dangantawa da fitowar katafaren kifin nan mola kusa da sama tsakanin Yuli da Oktoba, wanda baƙi ke biyan kuɗi su je gani. Akwai kuma inda abin ba na nishaɗi ba ne. Ranar 21 ga Afrilu, 2021, jirgin yaƙin ƙarƙashin ruwa na Indonesiya, KRI Nanggala, ya nutse arewa da Bali da mutum 53 a ciki, aka same shi a zurfin sama da mita 800. Cikin dalilan da hafsoshin sojan ruwan ƙasar suka kawo a matsayin mai yiwuwa har da irin wannan raƙumi daga Lombok.

Damawar ba ta tsaya a ƙasa ba. Amy Ffield da Arnold Gordon sun lura a shekarun 1990 cewa zafin saman waɗannan tekuna yana sauka yana hawa duk mako biyu, daidai da tsayuwar wata da cikarsa, lokacin da jan teku ya fi ƙarfi. A 2010 Faransawa da 'yan Indonesiya suka fita a jirgin Marion Dufresne ƙarƙashin jagorancin Ariane Koch-Larrouy suka auna hargitsin kai tsaye, suka tarar ba ko'ina yake ba: a kan tuddai da matsatsi yake da tsanani, a tsakiyar Banda kuwa ruwa lafiya lau. Lissafin kwamfuta ya nuna wannan damawa tana rage zafin saman tekun da kusan rabin digiri. A yankin da yake cikin manyan matattarar hadari na duniya, rabin digiri yana taɓa yawan gajimaren da zai tashi.

Sanin duk wannan bai zo da sauƙi ba, kuma tarihin lissafin yana da ban dariya kaɗan. Wyrtki da kansa, a babban rahotonsa na 1961, ya ƙiyasta ruwan da ke wucewa bai kai Sverdrup biyu ba. A 1985 Rana Fine ta bi sawun tiritiyam, wani sinadari da gwaje-gwajen bam ɗin nukiliya na shekarun 1950 da farkon 1960 suka zubar, akasari a arewacin duniya, ta same shi ya ɓulla a Tekun Indiya ta wannan hanya. A 1989 Stuart Godfrey na Ostareliya ya zauna da alƙalami da bayanan iska kawai, ya bi wata da'ira daga gaɓar yammacin Ostareliya, ta kudancin Tasmaniya, zuwa Kudancin Amurka, ya dawo ta arewacin New Guinea, ya ce amsar ta kusa 16. Bai jiƙa ko na'ura ɗaya ba, kuma shi ya fi kusa da gaskiya.

Tabbatarwa sai da aka dasa na'urori a cikin ruwan. Ana ɗaura igiya mai tsawon kilomita ɗaya ko biyu, a jera mata ma'aunan zafi da gishiri da na'urar da ke harba sauti tana sauraron dawowarsa daga ƙananan halittun da ruwa ke ɗauke da su, ta haka take sanin gudun ruwa. A sama a sa manyan ƙwallaye masu iyo da za su miƙar da igiyar, amma a bar su a nutse don kada jiragen ruwa da masunta su sarƙe su. A ƙasa kuma nauyi, sau da yawa tsofaffin ƙafafun jirgin ƙasa. A jefa, a tafi. Bayan shekara ɗaya da rabi jirgi ya dawo, a aika wani sauti na musamman, ƙugiya ta saki nauyin, kowa ya jeru a gefen jirgi yana zuba ido ya ga ƙwallayen sun ɓullo. Shirin Arlindo, wanda Gordon na Jami'ar Columbia da Abdul Gani Ilahude na Indonesiya suka jagoranta, ya dasa irin waɗannan a Labani daga ƙarshen 1996 zuwa 1998, ya sami kusan Sverdrup 9. Sai shirin INSTANT, na ƙasashe biyar, Indonesiya da Amurka da Ostareliya da Holan da Faransa, ya tare manyan ƙofofin shiga da fita a lokaci guda daga 2004 zuwa 2006. Makassar ta ba da kusan 12, jimillar fita kuma 15. Wannan adadi da kowane littafi ke maimaitawa, har da wannan, matsakaicin shekara uku ne kawai, kuma ya kamata mai karatu ya riƙe shi a haka.

Me ya sa 9 a wancan karo, 12 a wannan? Arlindo ta faɗa cikin El Niño na 1997 zuwa 1998, shekarar da fari da gobarar daji suka turnuƙe Borneo da Sumatra da hayaƙi. A irin wannan shekara iskar gabas takan yi rauni, ruwan ɗumin da ta tara ya koma ya bazu zuwa Kudancin Amurka, gangaren ya ragu. A shekarun La Niña akasin haka ne.

Ko a cikin shekara guda ma ruwan ba ya tafiya da taki ɗaya. Yankin yana ƙarƙashin monsun, iskar da ke juya akala sau biyu a shekara; tamu ta damina da hunturu ma danginta ce. Daga Yuni zuwa Satumba tana fitowa daga kudu maso gabas, ta wajen Ostareliya, tana ture ruwan sama daga gaɓar kudancin Java da Bali, teku ya ɗan lotsa a can, gangaren ya ƙaru, ruwa ya kwarara da ƙarfi. Ruwan sanyi mai ɗauke da abincin ƙananan tsirran teku yana tasowa ya maye gurbin wanda aka ture, kuma a kansa ne kamun sardin da ake kira lemuru ya dogara, shi da masana'antun gwangwani na Muncar a gabashin Java. Daga Disamba zuwa Maris iskar takan juyo daga arewa maso yamma. Da ita matuƙan Makassar suke tashi a da zuwa arewacin Ostareliya neman teripang, wata halittar ƙasan teku da ake busarwa a sayar wa Sinawa, su dawo in iska ta juya, har zuwa 1907 da aka rufe musu hanya.

A wannan lokaci na Disamba zuwa Maris ne wani abu ke faruwa da ya sa aka sake lissafi. Iskar tana koro ruwa mai ƙarancin gishiri daga Tekun Kudancin Sin, ta mashigin Karimata da Tekun Java wanda ruwan sama da koguna suka tsarma, ta kawo shi bakin Makassar ta kudu. Ruwa ne marar nauyi, yana zaune a sama ya zama toshi. Ruwan ɗumin da ke son fitowa daga arewa ya rasa hanya, wani lokaci ma ya koma baya, amma na ƙasansa yana wucewa abinsa. Shi ya sa gudun ruwa a Makassar ya fi ƙarfi a zurfin mita 100 da 'yan kai, ba a sama ba. Gordon da Dwi Susanto da Kevin Vranes sun buga a 2003 cewa in aka yi matsakaicin zafin dukan ruwan da ke wucewa, digiri 15 ne, alhali a da ana ɗaukar ya haura 20. Wannan ya sa ba na jin daɗin taswirar nan da ta cika littattafan makaranta, wadda ke jan wani jan ƙyalle daga Pasifik ya ratsa Indonesiya ya wuce, a ce ga ruwan ɗumi a kan hanyarsa ta zagaya duniya. Ƙyallen ba ya nuna toshi, ba ya nuna dokin ƙofa, ba ya nuna damawa, kuma launinsa ma ya fi gaskiyar abin ja.

Tekun Indiya ma yana da ta cewa. Sau biyu a shekara, wajen Mayu da Nuwamba, lokacin da monsun ke sauya hannu, iskar yamma takan taso a kan layin tsakiyar duniya ta koro ruwa zuwa Sumatra. Wyrtki ne ya bayyana wannan a 1973. Tarin ruwan yana bin gaɓar Sumatra da Java har ya iso Lombok, ya shiga, ya juya kwararar zuwa arewa na 'yan kwanaki ko makonni.

Ruwan da ya fita ya sami sabuwar shaida, ta Banda, kuma ana iya binta. Yana miƙewa yamma a matsayin wani dogon harshe mai ƙarancin gishiri, wajen digiri 10 zuwa 15 kudu da layin tsakiya, har Madagaska. Daga can wani kaso ya bi gaɓar Mozambik ya shiga kwararar Agulhas, wadda a ƙarshen Afirka ta Kudu take yanko manyan ƙawanyoyin ruwa masu faɗin ɗaruruwan kilomita tana sakinsu cikin Atlantika. Wani kaso kuma ya juya kudu ya ciyar da kwararar Leeuwin a yammacin Ostareliya. Gaɓar yammacin Afirka ta kudu da ta Peru ruwan sanyi ne ke bin su zuwa arewa, da tarin kifi. Ta Ostareliya ita kaɗai ce ruwan ɗumi ke bi zuwa kudu, shi ya sa ake samun murjani a tsibiran Abrolhos, nesa da inda ya kamata a same shi. Bayan La Niña mai ƙarfi ta 2010 zuwa 2011, Leeuwin ta cika ta batse, zafin ruwan gaɓar ya haura abin da aka saba da digiri uku ko fiye, dazuzzukan ciyawar teku suka mutu a tsawon kilomitoci masu yawa.

Zafin da ke bin wannan ƙofa yana shiga lissafin duniya baki ɗaya. A shekarun farko na wannan ƙarni La Niña ta yawaita, Pasifik ya sha zafi mai yawa, amma da aka auna ba a same shi a cikinsa ba. Sang-Ki Lee da abokan aikinsa sun nuna a 2015 cewa ta Indonesiya ya tsallaka, har Tekun Indiya ya riƙe kusan kashi 70 cikin ɗari na zafin da mita 700 na saman tekunan duniya suka ƙara a wancan tsakani. Ɗumin Tekun Indiya kuwa ya shafe mu. Binciken Alessandra Giannini da abokan aikinta na 2003 ya danganta farin da ya addabi Sahel a shekarun 1970 da 1980 da sauyin zafin tekuna, ciki har da ɗumamar Tekun Indiya, fiye da kiwo da sare itatuwa da aka daɗe ana ɗora wa talakawanmu laifinsa. Mashigan Indonesiya ɗaya ne cikin masu saita wannan ɗumi, ba su kaɗai ba.

Ƙofar kanta ba a tsaye take ba. Ostareliya da New Guinea suna matsawa arewa kusan santimita 7 a shekara. Mark Cane da Peter Molnar sun kawo wani hasashe a 2001: cewa shekaru miliyan 3 zuwa 4 da suka wuce, matsowar New Guinea da tasowar Halmahera suka tare ruwan ɗumin kudancin Pasifik, suka bar hanya ga na arewa mai sanyi, Tekun Indiya ya huce, ruwan sama ya ragu a Gabashin Afirka, daji ya ja baya ciyawa ta mamaye. Ba kowa ya yarda ba, domin a wannan zamani ne kuma Panama ta rufe, ƙanƙara ta fara taruwa a arewacin duniya, ga masu laifi da yawa a lokaci guda. An je an nemi hujja a laka. A cikin lakar da aka haƙo daga ƙasan gabashin Tekun Indiya akwai ɓawon wasu ƙananan halittu, wasu masu zama a saman ruwa, wasu a zurfin 'yan ɗaruruwan mita, kuma sinadaran ɓawon suna riƙe da zafin ruwan da suka rayu a ciki. Cyrus Karas da abokan aikinsa suka auna su, suka buga sakamakon a 2009. Tsakanin shekaru miliyan 3.5 da 2.95 da suka wuce, masu zama a sama ba su nuna wani sauyin kirki ba. Masu zama a ƙasa sun nuna ruwansu ya rage gishiri, ya kuma huce da kusan digiri huɗu.